Mangwaron da Na Dasa a Kan Kabarin Inna

Tun da gwiwoyina suka ƙi ni, duniyata ta koma taga ɗaya. Flat ɗina a Dagenham, can gefen London, hawa na uku ne, saukowa aiki, hawa kuma ya fi, don haka yawancin yini ina zaune ne ina kallon layinmu. Bana an bi turakun fitila an ɗaure musu tutocin ƙasar nan tun daga bakin titi har ƙarshen layi, ba don wani biki ba, kuma duk mai baƙar fata a unguwar nan ya san abin da ake nufi. Kwanaki a tashar bas wani saurayi da bai girmi jikana ba ya dubi mayafina ya ce in koma ƙasarmu. Ni! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gidan kula da tsofaffi ina wanke kakanninsa, ina share musu majina, ina kwashe abin da 'ya'yan cikinsu ke ƙyama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko da na so in bi maganarsa, ban san inda zan nufa ba. A garin da aka haife ni ma an taɓa cewa mu koma inda muka fito, da Hausa tsantsa kuwa.

A cikin makon ne ɗan ƙanena ya bugo waya daga gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Gwaggo, shari'ar maƙabartar nan ta zo ƙarshe. Duk tsofaffin da suka san tarihin wurin sun rasu, ke kaɗai kika rage. Lauyanmu ya rubuta takarda, za ki je gaban lauya a can ki rantse ki sa hannu, cewa Kaka ne ya dasa mangwaron nan saboda ƙasarsa ce, kuma ba wanda ya hana shi. In muka ci, maƙabarta ta dawo hannunmu, ke ma wasiyyarki ta cika." Ya san inda zai taɓa ni, ɗan nema. Ba ni da wata wasiyya a duniya sai guda: in na mutu a ɗauke ni a kai ni gida, a kwantar da ni kusa da Inna, mahaifiyata. Na ce masa to, na ji. Na ajiye waya, na san ƙarya ake so in yi, domin mahaifina bai taɓa dasa ko tsinke a wurin nan ba. Ni na dasa.

A barikin haƙar kuza aka haife ni, can kan tsaunuka, inda sanyi ke shiga ƙashi ko a tsakiyar bazara. Mutane a nan suna mamakin yadda nake jure hunturu, ni kuwa sai in yi dariya, sanyi ai tare muka tashi. Jiniya ke tashin gari. Tana yin kuka sai ka ji ƙarar diga da shebur ana saɓawa a kafaɗa, da tarin maza, da ƙafafu suna gangarawa rami. Yini guda ruwa na gudu a lambatu, mata na tsugune a bakinsa da ƙorai suna wankin kuza, suna juya ƙwarya suna juyawa har yashi ya tafi baƙin ya zauna a ƙasa. Aikina shi ne in kai wa Baba abinci da rana, in dawo in ɗebo ruwa, in daka daddawar Inna, da yamma in ɗauki farantin ƙosai in zagaya. Yanzu jikokina in aka ce su kai shara ƙasa sai sun yi ƙunƙuni da Turanci. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa jin daɗin tsoma daskararrun yatsu cikin ɗumin murhu ba, balle su san daɗin gama aiki.

Mu ba 'yan can ba ne, kodayake a can aka binne cibiyata. Kakana ya zo ne daga wajen Kano yana bin aikin Turawa. Masu ƙasar su ne mutanen dutse, manoman acha, masu kewaye gidajensu da shingen ƙerana. Yadda aka jera mutane a barikin nan, yaro ma ya gane. Bature a sama, ba ma ganinsa sai cikin mota. Sai akawu. Sai helma, wato shugaban leburori, irin su Baba. Can ƙasa kuma sai masu ƙasar, su ne ke ɗaukar kwanon ƙasa a ka, suna kwashe gonakin iyayensu da hannunsu suna zubarwa. Muna kiransu arna, ba a ɓoye ba, a gaban idonsu. A zauren gidanmu akwai wani kofin silba mai lotsattsen baki da aka rataye daban, da shi ake ba su ruwa. Ban taɓa ganin aibun kofin nan ba, sai ranar da wata tsohuwar Baturiya a wurin aikina ta ture shayin da na miƙa mata, ta ce a kira mata farar fata ta ba ta. Na shiga banɗaki na yi kuka, kuma wallahi kofin zaurenmu na tuna. Kunya ta kama ni, shekara da shekaru bayan lokacin da ya kamata ta kama ni.

Filin haƙa dai Turawa sun ƙwace shi da takarda. Amma inda muka gina gidaje, da gangaren da muke binne mamatanmu, ba ya cikin takardar. Wani dattijon mutanen dutse ne ya ba kakanninmu aro, da sharaɗi biyu. Na farko, duk shekara bayan an yanke acha dattawanmu su hau dutse su kai gaisuwa, gishiri da goro, don kada a manta wane ne mai wuri. Na biyu, kada a dasa itace. Masara, dankali, kabewa, kuɓewa, shuka abin da ka ga dama, amma ban da itace. A wurinsu, wanda ya dasa itace ya faɗa wa duniya ke nan cewa jikokinsa ne za su ci, ƙasa ta zama tasa. Kakata takan ce da ni, "Yarinya, mu a nan abin da zai mutu kafin damina ta zagayo muke shukawa." Shi ya sa unguwarmu ba inuwa sai ta rumfar zana. Na sha jin wannan magana, amma kamar yadda yaro ke jin a ce kada ya zauna a bakin ƙofa na ɗauke ta.

Jikar dattijon nan ita ce ƙawata, Laraba. Sa'ata ce, 'yar siririya mai ƙarfin tsiya, tana kiwon awaki a gangaren da ke kallon maƙabarta. Uwarta kan kawo wa Inna acha ta karɓi daddawa, mu kuma sai mu sulale bayan gida. Ita ta koya mini hawan dutse ba takalmi, ni na koya mata kitso. Inna ba ta yarda da zancen kofin zaure ba. In Baba ba ya nan, kwano ɗaya take zuba mana, ta ce mu ci da sauri. Ni ma na sha gwate a gidansu har na lashe hannu, na dawo na rantse ban ci komai ba.

Ina gab da zama budurwa Inna ta rasu, ciwon kwana uku, a tsakiyar damina. Mata ba sa raka gawa, sai na tsaya a ƙofar gida ina kallon maza sun gangara da ita har suka ɓace mini. Bayan sadakar bakwai Laraba ta zo ta ja hannuna, ta ce tana kan dutse da awakinta lokacin da aka binne, ta ga wurin. Muka je. Ruwan sama ya riga ya fara cin tudun, shanu sun bi ta kai sun ture fasasshiyar tukunyar da aka kafa alama. Hankalina ya tashi. Na ga nan da damina biyu ba wanda zai iya nuna mini inda uwata take. A jujin bayan gidanmu kuwa akwai ƙwallon mangwaro da ya tsiro, ganye huɗu jajaye. Washegari na tono shi da ƙasarsa, na naɗe a gefen zane.

Laraba na ganin abin da ke hannuna ta ja da baya. Ta ce, "Ke, kada ki yi. Babana zai yi faɗa."

Na ce, "Uwata ce."

Ta ce, "Na sani. Ki tara duwatsu mana, ni zan taya ki."

Na ce, "Duwatsu shanu za su ture. Wannan zai girma in riƙa hangowa daga gida."

Ta tsaya tana kallona ina haƙa da tsinken kara ina kuka. Can sai ta ɗauki gorarta ta gangara rafi. Ita ta ba shi ruwan farko.

Ba a yi wata guda ba mahaifin Laraba ya zo gidanmu. Ranar kasuwa ce da la'asar, Baba na zaune a rumfa da mutane. Ina zaure ina tsintar shinkafa, komai a kunnena. Ya ajiye kwandon acha, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, ya yi ta'aziyya tukuna yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Helma, na ga an dasa itace a gangare. Na san baƙin ciki ne ya sa, ba raini ba. A cire shi. Ni da 'ya'yana za mu mirgino manyan duwatsu mu kewaye kabarin, irin waɗanda sa ba zai iya turewa ba."

Da su biyu ne kawai, ina jin Baba zai yarda, don ba mugun mutum ba ne. Amma ga leburorinsa zaune suna kallo. Ya ce, "Ikon Allah! Yau kuma arne ne zai koya mini yadda zan binne matata?"

Mahaifin Laraba ya ce, "Ban hana binnewa ba, Helma. Itacen nake magana."

Baba ya ce, "Ƙasa ta Allah ce. In kana da magana ka je ka gaya wa Bature."

Mutumin ya waiwaya. Sannan ya nuna babban tafkin da haƙa ta bari, inda muke wanki, ya ce, "Kakannina suna ƙarƙashin ruwan can. Ban yi magana ba, don ba ni da bakin magana da Bature. Ku kuwa da hannu biyu ubana ya karɓe ku." Ya mayar da hularsa, ya bar kwandon achar a nan, ya tafi.

Da Baba ya shigo ya tambayi wanda ya dasa, na ce ni ce, na sunkuyar da kai ina jiran bulala. Bai dake ni ba. Ya ce, "Kin yi daidai." Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi yanzu. A shekarar nan aka yanke acha, dattawanmu ba su hau dutse ba, kuma ba su sake hawa ba. Uwar Laraba ta daina zuwa. Laraba ta zo sau ɗaya ta bayan gida, ta ɗaga riga ta nuna mini shatin tsumagiya a bayanta, ta ce saboda ruwan da ta ɗebo ne. Daga ranar ta canza wa awakinta wurin kiwo. Mun sha haɗuwa a kasuwa bayan haka, sai dai mu kalli juna mu wuce.

Da mutane suka ga mangwaro ya tsaya ba abin da ya faru, sai kowa ya shiga dashe. Wannan gwaiba, wancan lemo, wani dalbejiya a ƙofar gida. Unguwarmu ta yi kore shar. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin inuwar, kuma kullum da safe ina leƙa gangare in hango itacena in ce ga Inna can. Turawa suka tattara suka tafi, suka bar ramuka da tafkuna. Aka yi mini aure, mijina ya samu karatu, muka zo ƙasar nan da niyyar shekara uku. 'Ya'yan mutanen dutse kuwa suka yi boko, suka dawo suka ce suna son sarkinsu na kansu, ba wanda aka ɗora musu ba, a mayar wa ƙauyukansu sunayensu na asali, a dawo musu da ƙasar da aka ara. Namu suka ce an haife mu a nan, an binne kakanninmu a nan, mu je ina? Na saurari kowane ɓangare, kuma ban ji wanda ya yi ƙarya ba. Daga baki aka koma hannu. Ina nan ina goge daɓe a gidan tsofaffi aka bugo mini cewa an ƙone unguwarmu, ƙanena ya rasu a ciki. Daga baya na ji Laraba ma ta rasa ɗanta na fari a rikicin, a hannun namu. Aka kewaye maƙabarta da waya, aka ce ba mai sake binne kowa sai kotu ta yanke. Babbar hujjar mutanenmu kuma ita ce mangwaron nan: in da aro ne, ai da ba a bari an dasa ba.

'Yata ta yi booking na ganin lauya, ta ɗauki hutu a wurin aiki ta raka ni. Muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har wajen Charing Cross, ina dogara sanda ina tsayawa kowane taku goma. A hanya ina ta lallashin kaina. Na ce wa zai sani? Baba ya rasu, mahaifin Laraba ya rasu, Laraba ma ban san ko tana raye ba. Sa hannu ne kawai, layi ɗaya. Ƙanena yana kwance a wurin, kakata tana wurin, Inna tana wurin. In aka rasa shari'ar, dankali za a shuka a kansu.

Lauyar 'yar Zangon Gana ce, mai irin Hausarsu da ke ce wa mace "kai". Ta ba ni kujera mai taushi, ta ce, "Mama, zan karanta maka duka, in ka yarda ka rantse ka sa hannu." Ta karanta da Turanci tana mayarwa da Hausa. Da ta zo wurin da aka ce mahaifina ya dasa itacen a matsayin mai ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya yi magana, sai na ga mutumin nan tsaye a ƙofar rumfa da hularsa a hannu. Ta miƙo mini Alƙur'ani. Na dubi hannuna, duk ya yamutse, jijiyoyi sun fito. Kwana nawa ya rage mini da zan ɗora wannan hannu a kan Littafi in ce mutumin bai zo ba?

Na ce, "'Yata, ba haka aka yi ba."

Ta ajiye takardar ta ce to yaya aka yi. Na ba ta labari tun daga juji har kwandon acha. 'Yata na gefe baki buɗe, don ban taɓa gaya mata ba. Lauyar ta rubuta yadda na faɗa, na rantse a kan wannan, na sa hannu, aka tura wa ɗan ƙanena.

Ko gida ba mu kai ba ya bugo. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Gwaggo, me muka yi miki? Wannan takarda in ta shiga kotu mun tashi. Ubana fa a wurin yake kwance, ƙanenki, ciki ɗaya! Kina zaune a London cikin ɗumi kina mana wa'azi, mu ne muke kwana da fargaba a nan."

Maganarsa ta soke ni, don akwai gaskiya a ciki. Na ce, "Ɗana, ku hau dutse ku kai gaisuwa. Ku ce aro ne, ku roƙi a bar mana mamatanmu. Mutanen nan ba binnewa suka hana ba tun farko."

Ya ce, "Bayan jinin da aka zubar? Mu je mu durƙusa musu?" Sannan ya ce, "Zan yaga ta. Ki ce ba ki tuna komai ba, tsufa ya kama ki."

Na ce, "Ka yaga, a hannunka take. Amma duk wanda ya tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan."

Ya ce, "To shi ke nan, Gwaggo. Ki nemi makwanci a can. Ko mun ci ko ba mu ci ba, ba wanda zai je tarbar gawarki a nan." Ya kashe waya.

Tun ranar ba wanda ya sake kirana daga gida. An cire ni daga zauren hirar dangi na waya, jikata ce ta lura ta gaya mini. Ban san abin da kotu za ta yanke ba, ban san ko ya yaga takardar ba. Wani lokaci in ce na yi daidai, wani lokaci in ce na tona wa mamatana asiri don in wanke kaina ni kaɗai, kuma ba wanda zan tambaya. A waje tutocin nan na nan suna kaɗawa, a can an rufe mini ƙofa, ni kuma ina hawa na uku da gwiwoyin da ba sa zuwa ko'ina.

Makon jiya na ce wa 'yata ta je maƙabartar Musulmi da ke bayan gari ta tambayo yadda ake kama wuri. Ta ce, "Mama, not now, please." Na ce yanzu ne, tun ina da bakin faɗa. Ta je, ta dawo da takarda mai hoton ciyawa shar da layuka a jere, ta ce wurin da tsabta, kuma bas na zuwa har ƙofa, za su riƙa kawo mini ziyara. Na sa hannu a inda ta nuna. Da ta tafi na yi alwala na yi azahar a zaune, na yi wa iyayena addu'a yadda na saba. Na daɗe a kan kujerar ban tashi ba. Sannan na ce, Inna, ki yi haƙuri, ba zan zo ba.